Yadda ake haɗa wayar kwantirol tsakanin oga da yaronsa a kayan situdiyo

Kwanaki wani ƙanena da ke da ɗan shagon editin a Zoo Road a Kano ya kira ni wajen ƙarfe goman dare, wai an kawo masa tsofaffin kaset-kaset na Betacam har kwali biyu za a juye su a kwamfuta, ya aro dek, wato na'urar da ke kunna kaset ɗin, hoto na shigowa, murya na shigowa, amma manhajar ta ƙi juya dek ɗin, in ya danna PLAY a kwamfuta kaset ko motsi ba ya yi. Ya ce "Yaya, na sayo waya mai ƙafa tara a Beirut Road, ta shiga daram, amma shiru kake ji." Na ce masa kama da wane ai ba ta wane, kuma mai shagon bai cuce ka ba, abin da ka tambaya ya ba ka, kai ne ba ka san wa ke magana wa ke sauraro ba. Tun daga ranar nake cewa zan zauna in rubuta abin nan daki-daki don ba shi kaɗai ba ne, masu ɗaukar tafsiri da kyamara mai juyawa ma kullum a nan suke maƙalewa.

Mataki na farko: waye oga, waye yaro

Kafin ka taɓa waya ko ka kunna sodarin ayan, tsaya ka amsa wannan tambayar tukunna. A irin wannan haɗin koyaushe akwai na'ura ɗaya mai ba da umarni, ita muke ce wa masta ko oga, da kuma mai karɓar umarni, wato yaro. Ogan zai iya zama kwamfutar editin, ko kwantirolar editin irin ta da, ko kwamfutar da ke sakin shirye-shirye a kan lokaci a gidan talabijin, ko joyistik na kyamara. Yaron kuma dek ne, ko sabar bidiyo, ko rikoda irin HyperDeck, ko ita kyamarar. A takardun kamfanoni na yanzu za ka fi ganin CONTROLLER da DEVICE, ma'anar dai ɗaya ce.

Ƙa'idar gidan ita ce yaro ba ya fara magana. Oga ne zai ce tashi, tsaya, koma baya, ina kake yanzu, shi kuma yaro ya amsa, in ba a tambaye shi ba ya yi gum. Kuma ba a sarki biyu zamani ɗaya, in ka haɗa oga da oga duk biyun za su yi ta ihu a kan waya ɗaya babu mai ji, in ka haɗa yaro da yaro kowa zai zauna yana jiran ɗan'uwansa har a yi sallar asuba. Wasu na'urorin suna iya zama ko wanne, misali dek mai yin rikodin da ke iya juya wani dek ɗin, ko sabar da ake canza mata matsayin soket a menu, to irin waɗannan sai ka duba ka tabbatar a wane matsayi ka bar su. Rubuta a takarda: wannan oga, wannan yaro. Duk abin da zai biyo baya a kan wannan yake tafiya.

Mataki na biyu: wace irin waya ce

Iri uku ne za ka yi ta karo da su, kuma abin haushin biyu daga ciki sukan zo da soket iri ɗaya sak, mai ƙafa tara ɗin nan da ake ce wa DB9.

RS-232 shi ne na bayan tsofaffin kwamfutoci. Waya ɗaya ta aikawa, ɗaya ta karɓa, ɗaya ta atin, wato wayar ƙasa. A soket ɗin kwamfuta ƙafa ta 2 karɓa, ta 3 aikawa, ta 5 atin. Wutarsa tana lilo tsakanin tabbatacciya da korarriya, daga bolt 3 har 15 kowane ɓangare, kuma ba ya son nisa, mita 15 ne abin da aka saba ɗauka a matsayin iyakarsa.

RS-422 shi ne na gidajen talabijin. Kowace magana a kan tagwayen waya take tafiya, ɗaya mai alamar + ɗaya mai alamar −, mai karɓa bambancin da ke tsakaninsu yake karantawa, shi ya sa in hayaniyar wuta ta shiga sai ta shiga duka biyun daidai ta kashe kanta. Tagwaye biyu ke nan, na zuwa da na dawowa. A ƙaramin gudu yana kai mita 1,200, ka ga ko daga ɗakin kwantirol zuwa can ƙarshen harabar gidan ba matsala.

RS-485 ƙanin 422 ne, yawanci waya biyu kacal, kowa a kansu yake magana bi da bi, kuma layi ɗaya yana ɗaukar na'urori har 32. A kyamarori masu juyawa za ka fi ganinsa.

To abin da ya faru da ƙanena shi ne ya ɗauki adaftar USB ta 232 ya cusa a bayan dek mai 422. Baki ya yi daidai amma yare daban. Wani lokacin shiru kawai za ka ji, wani lokacin kuma wutar 232 ɗin tana iya lahanta soket ɗin dek, kuma dek ɗin aro ne, ka san sauran zancen. Don haka karanta abin da aka rubuta a jikin soket ɗin, in ka ga REMOTE ko 9P ko RS-422 a bayan dek, to adafta ko kati mai 422 kake buƙata. Katunan kama hoto irin DeckLink da UltraStudio da yawansu suna zuwa da nasu soket ɗin 422, in kana da shi ba sai ka sayi komai ba.

Kayan da za ka tanada

Mita mai ƙara in waya ta haɗu, sodarin ayan mai siririn baki da dalma, kawunan DB9 maza guda biyu da murfinsu, wayar netwok CAT5 ko CAT6, in da hali mai raga a jiki, salatif na takarda da maka don rubutu, sai laftof da adaftar USB zuwa 422. Kawuna da dalma da rizista ana samu wajen masu kayan gyaran lantarki a Sabon Gari. Adafta kuwa ni dai na fi yarda da mai cif ɗin FTDI, masu arha suna aiki a wasu wuraren amma a aikin dek sun sha ba ni kunya.

Mataki na uku: ɗaura wayar Sony mai ƙafa tara

Nan ne zan daɗe don nan ne ake yawan faɗuwa. Tsarin da kusan kowa ke bi wajen juya dek na Sony ne, ana ce masa 9-pin ko P2, kuma har rikodojin zamani da ba su san kaset ba suna jin wannan yaren. Ga yadda ƙafafun suke.

A wajen oga: ƙafa ta 8 aikawa −, ta 3 aikawa +, ta 2 karɓa −, ta 7 karɓa +.

A wajen yaro: ƙafa ta 8 karɓa −, ta 3 karɓa +, ta 2 aikawa −, ta 7 aikawa +.

Ta 4 da ta 6 su ne atin na sigina, ta 1 da ta 9 atin na jikin ƙarfen na'ura, ta 5 ba a amfani da ita.

Ka lura da kyau, an riga an yi juyin a cikin na'urorin, inda oga ke aikawa nan yaro ke karɓa. Saboda haka wayar da ke tsakanin oga da yaro miƙaƙƙiya ce, 2 zuwa 2, 3 zuwa 3, 7 zuwa 7, 8 zuwa 8, babu wani gicciye. Kuma yawanci soket ɗin oga da na yaro duk mata ne, don haka wayar namiji ce kai da kai. Wanda ya saba da 232 sai hannunsa ya kai shi ga juya 2 da 3 kamar yadda ake yi wa wayar nul modem, to a nan in ka yi haka ka ɓata komai, ka haɗa + na wannan da − na wancan tagwayen.

Yanzu ɗauko wayar netwok ɗinka ka feɗe ta, za ka ga tagwaye huɗu a murɗe. Ba kowace kala za ka sa inda ka ga dama ba, dole 2 da 7 su zama tagwaye ɗaya, 3 da 8 su zama tagwaye ɗaya, don murɗin nan shi ne maganin hayaniya. Ni yadda nake yi, ruwan lemo a 3, farin lemo a 8, kore a 7, farin kore a 2, shuɗi a 4, farin shuɗi a 6, ragar kuma a ƙafa ta 1. Ba doka ba ce, amma ka zaɓi tsari ɗaya ka riƙe shi har abada, ranar da za ka gyara waya da fitilar wayar hannu a bayan rak za ka gode wa kanka. Kar ka warware murɗin da yawa, daidai abin da zai kai ƙafar kawai.

Lambobin ƙafa suna nan a rubuce a jikin robar kan, ƙanana ne sosai, haska fitila ka karanta, kar ka ƙirga da ka. In kana kallon fuskar namiji layin sama daga hagu 1 ya fara, ta bayan da kake sa dalma kuma abin ya juye, mace ma a juye take. Ni kaina na taɓa ɗaura waya guda huɗu cif a juye a dare ɗaya don na yarda da ƙwaƙwalwata, sai da na warware su duka.

In ka gama, kafin ka rufe murfi, sa mita a kan ƙara. Taɓa 2 da 2 ka ji ƙara, 3 da 3, haka har ƙarshe. Sannan ka taɓa kowace ƙafa da maƙwabciyarta, nan kuma bai kamata ka ji komai ba, in ka ji to dalma ta tsallaka.

Sai batun gicciye. Akwai ranar da za ka samu na'urori biyu duk soket ɗinsu a tsarin yaro aka ɗaura shi amma ɗaya tana iya ba da umarni ta manhaja, ko akasin haka. A nan ne kawai ake yin waya mai gicciye, kuma ga yadda take: 2 zuwa 8, 8 zuwa 2, 7 zuwa 3, 3 zuwa 7, 4 zuwa 6, 6 zuwa 4. In ka yi irinta ka naɗa mata jan salatif kai da kai ka rubuta, don a ido ba ta da bambanci da miƙaƙƙiya, in ta shiga cikin tarin wayoyi sai ta cinye wa wani yini guda.

To idan babu takardar na'urar fa, ba ka san ko soket ɗin oga ne ko yaro ba? Kunna ta, cire waya, mayar da mita kan DC. Auna tsakanin 3 da 8, sannan tsakanin 7 da 2. Tagwayen da ke aikawa za su nuna maka wuta tsayayya kamar bolt 2 zuwa 5, masu karɓa kuwa yawanci kusan sifili ko 'yar kaɗan. In wutar tana kan 3 da 8 oga ne, in tana kan 7 da 2 yaro ne. Wannan dabarar ta fi tambayar mai kayan sauri.

Adaftar USB kuma sau da yawa ba a tsarin Sony take zuwa ba ko da bakinta DB9 ne, wasu ma 'yan sukurori ne a jere an rubuta TX+ TX− RX+ RX−. TX aikawa ke nan, RX karɓa, GND kuma atin. Bi rubutun: TX+ zuwa 3 na dek, TX− zuwa 8, RX+ zuwa 7, RX− zuwa 2, GND zuwa 4 da 6. In ka ga an rubuta A da B maimakon + da −, yi hattara, a takardun Sony A shi ne − B kuma +, amma wasu kamfanonin a juye suke sa wa. In ka juya su babu abin da zai ƙone, magana ce kawai ba za ta wuce ba, sai ka musanya ka sake gwadawa.

Mataki na huɗu: saiti

Yaren Sony gudunsa ɗaya ne ba a ciniki: 38400, bit 8, fariti ODD, sitof bit 1. Fariti ɗin nan, wato ƙarin bit ɗin da ake gane kuskuren saƙo da shi, shi ake mantawa don kusan duk sauran kayan duniya a NONE suke. Sabar bidiyo masu jin wani yaren da ake ce wa VDCP ma a wannan saitin suke tafiya, amma umarninsu daban ne, don haka duba a menu wane yare aka zaɓa wa soket ɗin.

Sannan ka je gaban dek ka nemi makunnin REMOTE da LOCAL ka mayar da shi REMOTE. Wallahi rabin kiran da ake min a kan wannan ɗan makunnin yake ƙarewa. In dek ɗin yana da hanyar rimot fiye da ɗaya, kamar na DVCAM masu i.LINK, zaɓi 9P. A HyperDeck kuma sai ka kunna REM. Dek da ke LOCAL zai iya gaya wa kwamfuta sunansa da inda kaset yake amma ya ƙi motsawa, sai ka ɗauka waya ce rabi take aiki alhali lafiyarta ƙalau.

Mataki na biyar: yi magana da dek ɗin da kanka

Kar ka fara da babbar manhajar editin, in ta ƙi ba za ta gaya maka dalili ba. Sa adafta a laftof, buɗe Device Manager ka ga lambar COM da aka ba ta, wato sunan da kwamfuta ke kiran adaftar da shi. Sauko da ƙaramar manhaja mai aika lambobin heks, wato irin lambobin da ake rubuta umarnin na'ura da su kamar yadda za ka gani a ƙasa, RealTerm kyauta ce. Fara gwada adaftar ita kaɗai: haɗa TX+ da RX+, TX− da RX−, rubuta kowane abu, in ya dawo maka a allo adafta da direbanta lafiya. Cire haɗin ka sa dek.

Saita 38400, 8, ODD, 1, ka sa allon ya nuna heks, sai ka aika 00 11 11. Ma'anarsa kai waye. Dek mai lafiya zai amsa da 12 11 sai lambobi biyu na irinsa sai lambar ƙarshe. In ka ga wannan to waya ta yi, zuwa da dawowa. Sa kaset da ba ka jin asararsa ka aika 20 01 21, kaset zai tashi, dek ya amsa 10 01 11, wato na ji. 20 00 20 tsayawa, 20 10 30 gudu gaba, 20 20 40 komawa baya. Rikodin 20 02 22 ne, na faɗa maka ne don ka kiyaye shi, kar ka aika shi a kan kaset ɗin mutane, ma dai ka danne ɗan maɓallin hana rikodin na jikin kowane kaset kafin ya shiga dek. Lambar ƙarshe a kowane umarni jimillar na gabanta ce, 20 da 01 sun ba da 21, da ita yaro ke gane ko saƙo ya iso cikakke.

In amsar ta fara da 11 12, dek ya ji ka amma bai yarda ba, kuma lambar da ke biye ita ce dalili: 01 bai san umarnin ba, 04 jimilla ba daidai ba, 10 fariti, 40 tsarin bit ya karkace wanda yawanci gudu ne ba daidai ba, 80 kuma ka yi jinkiri tsakanin lambobi. In kaset yana tashi amma babu amsa a allo, tagwayen 2 da 7 ne matsalar. In babu motsi babu amsa, fara da 3 da 8. In tarkacen lambobi ke dawowa, ko + da − sun juye ko gudu.

Abin da ya sa jinkiri ke da muhimmanci, a wannan tsarin yaro dole ya amsa cikin milisakan 9, kuma oga a kowane firem, wato hoto ɗaya na bidiyo, yana tambayar taimkod, lambar lokacin da ke nuna inda kaset yake, mu kuma a nan firem 25 muke yi a sakan, wato kowane firem milisakan 40. Adaftar FTDI tana zuwa da jinkirin milisakan 16 a saitinta na asali, tana tara saƙo kafin ta miƙa wa kwamfuta, sai manhaja ta ga kamar dek ya yi shiru ta ce ya ɓace, can ya dawo, can ya ɓace. Shiga Device Manager, kan COM ɗin, Port Settings, Advanced, ka mayar da Latency Timer zuwa 1. Da na ƙanena bayan mun canza adafta wannan ne ya rage, muna gyarawa ya zauna.

Daga nan sai ka buɗe manhajar editin ka zaɓi COM ɗin ko soket ɗin katinka, amma ka rufe RealTerm tukunna don manhaja biyu ba sa riƙe COM ɗaya. Bar firirol, wato ɗan komawa bayan da dek ke yi kafin a fara ɗauka, a sakan 5 don tsohon dek ya samu ya daidaita gudunsa kafin wurin da za a fara ɗauka. Kunna taimkod ya fito a kan hoto, ɗauki ɗan guntu, ka gwada lambar da ke kan hoton da wadda manhaja ta rubuta, in akwai bambancin firem ɗaya ko biyu akwai wurin gyara shi a saiti. In kuma aikin na sakin shiri ne kai tsaye ko editin dek zuwa dek, a ba duk na'urorin rifarens ɗaya, wato siginar da ke sa su tafi a kan lokaci ɗaya, in ba haka ba yau daidai gobe saura firem.

Kyamarori masu juyawa

In azumi ya matso za ka ga masallatai da yawa a cikin gari an kafa kyamara biyu ko uku a bango, mutum ɗaya a gefe da joyistik yana juya su ana watsa tafsiri a Facebook. Nan ma oga da yaro ne, sai dai yaran suna da yawa, don haka kowa da lambarsa.

Yaren da aka fi amfani da shi VISCA ne, shi ma na Sony. Oga lambarsa 0, kyamarori daga 1 zuwa 7, bakwai ne iyaka a layi ɗaya. Gudu yawanci 9600, wasu 38400, bit 8, fariti NONE, ka ga ya saɓa da na dek. A 232 soket ɗin ɗan zagaye ne mai ƙafa takwas, akwai IN akwai OUT. Daga joyistik zuwa IN na kyamara ta ɗaya, daga OUT nata zuwa IN na ta biyu, haka kamar jerin raƙuma. In daga kwamfuta za ka ɗaura, 3 na DB9 zuwa 5 na kyamara, 2 na DB9 zuwa 3 na kyamara, 5 na DB9 zuwa 4. Kunna kyamarori duka tukunna, joyistik a ƙarshe, don yana tashi yake raba musu lamba.

Gwajinsa da laftof: aika 88 30 01 FF, in kyamara uku ne a layin zai dawo 88 30 04 FF, in ya dawo da 03 to biyu kawai suka amsa, je ka duba wayar ta ƙarshe. Sai 81 01 06 04 FF, kyamara ta ɗaya za ta koma tsakiya, ta amsa 90 41 FF na karɓa, sannan 90 51 FF na gama. Ta biyu da 82 ake kiranta. Raunin jerin nan shi ne in ta tsakiya ta mutu ko wani ya zare cajarta don ya sa wayarsa, duk na bayanta sun tafi, kuma a masallaci da daddare wannan ba labari ba ne.

Shi ya sa in wurin yana da faɗi na fi son 422 ko 485, don mita 15 na 232 ba ya kai ko'ina. Kyamarorin China da suka cika kasuwa yawanci suna da 485 mai sukurori biyu, suna jin VISCA da wani yaren da ake ce wa Pelco-D, lambar kowace kuma da hannu ake sa ta a menu ko a 'yan makunnan da ke ƙasanta. Abu uku dole su zo ɗaya a joyistik da kyamara: yare, gudu, lamba. Pelco-D sau da yawa a 2400 yake zuwa, joyistik kuma yana 9600, sai a yi ta zagin waya. Kyamara biyu kada su ɗauki lamba ɗaya. Wayar kuma ta bi su ɗaya bayan ɗaya, kar ka ja wa kowace tata daga wuri ɗaya kamar reshen bishiya, in layin ya yi tsawo ka sa rizista mai om 120 tsakanin wayoyin biyu a farkon layi da ƙarshensa, ban da tsakiya. Sababbin kyamarori suna yin VISCA ta netwok a kan UDP 52381, in kayanka duk suna da shi ka huta da dalma, amma tsofaffin da ke hannun mutane ba yau za su ƙare ba.

Wuta, atin da ƙura

Akwai wani wurin da muka yi aiki, da rana komai lafiya, da an ɗauke wuta an tayar da janareto sai kyamara ta uku ta fara juyawa yadda ta ga dama ko ta ƙi ji sam. Mun canza waya, mun canza joyistik. Ashe ɗakin kwantirol a kan inbata yake, kyamarar kuma a layin janareto, atin ɗinsu ba ɗaya ba, kuma wanda ya ja wayar waya biyu kawai ya sa bai haɗa GND ba. 422 da 485 suna jure bambancin atin amma da iyaka, 'yan bolt ne ba yawa. Maganin, ka ja waya ta uku ta GND tare da tagwayen, in gini daban-daban ne ko wuta daban-daban ka sa kwanbata mai raba wuta, za ka ga an rubuta ISOLATED a jikinta, ta fi tsada amma ta fi soket ɗin miksa arha. Ragar waya a doguwar tafiya gefe ɗaya nake haɗa ta, wajen oga. Kar ka kwantar da wayar kwantirol a bututu ɗaya da wayar wuta ko ta fitilun situdiyo, in dole su haɗu su gitta juna kawai su wuce.

Da damina duk wayar da ta fita waje tsakanin gini biyu tana iya kwaso tsawa, in ba aiki ake ba zare ta. Da hunturu kuma ƙura ce ke shiga soket ɗin da ba a rufe ba, ga jikin mutum yana tara wutar da in ka taɓa ƙarfe ka ji tsit, don haka taɓa jikin rak kafin ka taɓa ƙafafun soket, kuma ka kashe na'ura kafin ka sa ko ka cire waya. Ɗaure sukurorin kan DB9 duka biyun, kan da aka bari yana reto nauyin waya kaɗai ya isa ya zare ƙafa ɗaya. In sukurun ya ƙi shiga a bayan dek ɗin Japan kar ka matsa masa da ƙarfi, zaren nasu na mita ne, na kawunan kasuwa kuma na inci, canza sukurun da wanda ya dace ko ka ɗaure wayar da igiyar roba a jikin rak. Kowane kai ka manna masa takarda ka rubuta daga ina zuwa ina, miƙaƙƙiya ce ko mai gicciye, da gudun da ke kanta, sannan ka ɗauki hoton bayan rak ɗin da wayarka ka tura wa wanda zai karɓe ka aikin dare.